Juya, Ɗan Riƙo da Uban da Ya Yi Sake: Nazarin Dangin Zaɓi a Ƙagaggun Labaranmu Daga Mahangar Ƙasar Gumel

Idan jigon ƙagaggen labari na Hausa iyali ne, akwai matsaloli biyu da suka fi yawan buɗe shi: gidan da ake neman ɗa ba a samu ba, da ɗan da aka samu ba a kula da shi ba. Mai karatu na iya ɗaukarsu abubuwa biyu daban, amma a hannun marubuta kusan kullum tare suke tafiya, domin da rashin wannan ake cike gurbin wancan. Abin da ke haɗa su kuwa tsohuwar al'ada ce, wato riƙo. A wannan nazari za mu duba yadda labaranmu suka sarrafa wannan haɗuwa, muna auna su da zaman jama'a kamar yadda yake a masarautar Gumel, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar a arewacin Jihar Jigawa. Abin da muke son tabbatarwa guda ne: adabinmu ya amince da riƙo a matsayin hanyar tafiyar da labari, amma da wuya ya bar shi ya zama makomar labarin. A ƙarshe yakan koma ya danƙa wa jini hukunci, alhali kuwa zaman mutane ya fi haka faɗi.

Sai mu fara da kalmomin aiki. Da ƙagaggen labari muna nufin duk labarin da aka ƙirƙira don a karanta ko a saurara ko a kalla, tun daga tatsuniya har zuwa littafi da fim. Rashin haihuwa kuwa, a ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba shi, shi ne ma'aurata su yi wata 12 suna tare ba tare da wata kariya ba, amma ciki bai shiga ba. Rahoton da hukumar ta fitar a 2023 ya ce kusan mutum ɗaya cikin kowane shida na manya a duniya yakan gamu da wannan a wani lokaci na rayuwarsa. Amma rashin haihuwar da labari ke magana a kai ya fi na asibiti rassa. Akwai juya, wato macen da ba ta taɓa haihuwa ba. Akwai wadda ta haifi ɗaya ko biyu haihuwar ta tsaya. Akwai mai wabi, wadda take haihuwa 'ya'yan suna komawa, har akan sa wa ɗanta suna irin Ajuji don a nuna kamar ba a damu da shi ba, ko ya zauna. Akwai kuma na huɗu, wanda likita ba zai kira shi ciwo ba ko kaɗan amma gidan sarauta da gidan dukiya suna ɗaukarsa rashi: a haifi 'ya'ya mata, babu namiji. Za mu lura cewa duk sunayen nan huɗu a kan mace suka faɗa. Namijin da matsalar take jikinsa yana nan a zahiri, kuma likitoci sun tabbatar cewa kaso mai yawa na rashin haihuwa daga ɓangarensa ne, sai dai bakin jama'a bai saba nuna shi ba.

Sakacin iyaye shi ma yana buƙatar a tace shi, domin akwai abubuwa biyu da suke kama da shi alhali ba shi ba ne. Sakaci, a yadda muke amfani da kalmar, shi ne mahaifi ko mahaifiya su bar haƙƙin da ke wuyansu na ci da sha da sutura da magani da tarbiyya, suna da ikon saukewa. Talauci ba sakaci ba ne, ko da sakamakonsu a jikin yaro ya zo ɗaya: magidancin da ya kwashe gero ya tafi cin rani don ya samo abin da zai kai iyalinsa damina bai yi sake ba. Kunya ma ba sakaci ba ce. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ta bar shi a hannun kaka tun daga yaye, tana bin wata ƙa'ida ce da Hausawa da Fulani suka gada, wadda asalinta kara ce ga dangin miji, ba ƙiyayya ga yaro ba. Wanda bai rarrabe waɗannan uku ba zai karanta rabin labaranmu a karkace.

Kalma ta huɗu ita ce dangin zaɓi, wato mutanen da suke tsaya wa mutum tsayuwar uwa ko uba ko ɗan'uwa ba don haihuwa ta ɗora musu ba. A nan aikin Esther Goody yana da amfani gare mu. Wannan masaniyar halayyar al'umma ta yi bincike a kan riƙo a Afirka ta Yamma, musamman tsakanin mutanen Gonja a arewacin Ghana, kuma a littafinta na 1982 ta nuna cewa zama iyaye ba abu ɗaya ba ne dunƙulalle. Ya kasu biyar: haihuwa, da ba yaro nasaba da matsayi, da raino, da koyarwa, da kuma tsaya masa har ya zama mutum mai cin gashin kansa. Ana iya raba waɗannan a hannun mutane daban-daban ba tare da yaron ya rasa kowa ba. Bahaushe ya daɗe da sanin haka a aikace: wata ta haifa, wata ta goya, malam ya karantar, kawu ya koya sana'a, baffa ya ɗaura aure. Riƙo, ke nan, shi ne miƙa wasu daga cikin waɗannan ayyuka ga wanda bai haifa ba, nasaba kuwa tana nan inda take.

Dalilin da ya sa muka ɗauki ƙasar Gumel ma'auni shi ne, duk abubuwan da ke sa yaro ya tashi a hannun wanda bai haife shi ba sun taru a cikinta. Masarauta ce da Mangawa suka kafa a tsakiyar ƙarni na 18, ta bi Barno ba Sakkwato ba, kuma iyakar da Turawa suka shata ta ratsa tsakiyar danginta, ta yadda gida guda a Sule Tankarkar ko Maigatari zai iya samun gwaggo ko kaka a ƙasar Damagaram ta Jamhuriyar Nijar. Kasuwar dabbobi ta Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis, tana tara fatake daga nesa, fatauci kuwa yana raba uba da gida. Damina gajera ce, rani dogo, don haka cin rani da almajiranci tsofaffin hanyoyi ne na rage wa rumbu nauyi. Sannan ga yawan haihuwa: binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiya na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Jigawa ya kai 7.1, alhali na Nijeriya baki ɗaya 5.3 ne. A inda maƙwabciya take da bakwai, wadda ba ta da ko ɗaya ba ta da wurin ɓuya. Kowane suna da kowane yaye a unguwa tuni ne a gare ta. A gefe guda kuma, a irin wannan wuri yaran da iyayensu za su iya bayarwa ba su yi ƙaranci ba.

Kada a ɗauka zafin rashin haihuwa a zuciya kawai yake tsayawa. Yana da lissafi, kuma marubutan da suka fi iya aikinsu sun san lissafin. A rabon gado, kamar yadda aya ta 12 ta Suratun Nisa'i ta tsara, mace tana samun rubu'in dukiyar mijinta idan bai bar ɗa ba, idan kuwa ya bari sai ta koma sumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, kuma wannan kason ne matan za su raba tsakaninsu ko su nawa ne. Hukuncin ɗaya ne ga mai 'ya'ya da marar 'ya'ya, amma zamansu bayan takaba ba ɗaya ba ne. Mai 'ya'ya tana zaune a gidan a inuwar rabon 'ya'yanta. Juyar da ta yi shekara talatin tana girki a gidan za ta karɓi ɗan abin da ya same ta, ta koma wurin ƙannenta maza, idan suna raye kuma matansu sun yarda. Wannan ne ke bayan yawon da ake gani a labarai, daga malami zuwa boka, daga mai saiwa zuwa 'yar bori, daga nan zuwa asibiti a Kano. Marubucin da ya nuna wannan yawo a matsayin jahilci ko raunin imani kawai bai duba abin da matar take hangowa ba, wato tsufanta.

Tun daga tatsuniya adabinmu yake buɗe labari da wannan rashi. Sananne ne a ji wata mata ta roƙi Allah ya ba ta ɗa ko da wane iri ne, sai ta haifi abin da ba mutum ba, daga baya ya rikiɗe ya zama abin alfahari. Da aka zo rubutun boko, Abubakar Imam ya gina Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa a 1937, a kan sarkin da ya rasa ɗa namiji har sai da malamai suka yi addu'a aka haifi Musa. Amma littafin da ya fi zurfafa a cikin lamarin shi ne Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga cikin littattafan farko da suka fito daga Zariya a tsakiyar shekarun 1930. Malam Shehu attajiri ne, yana da mata, ba shi da ɗa. Da ya sami ishara cewa ta wurin wata budurwa mai suna Zainab zai samu, sai ya sa dukiya ya raba ta da saurayinta Abubakar. Aka haifi yaron, ana kiransa Kyauta, sunan da Hausawa ke ba ɗan da aka daɗe ana jira. Abubakar kuwa ya shiga duniya neman asirin da zai lalata yaron, ya samu, Kyauta ya tashi ɓarawo, har ya zama sanadin mutuwar mahaifinsa ba tare da ya san shi ne ba. Akan karanta littafin a matsayin labarin ramuwar gayya, haka ne kuwa, amma akwai abu biyu a ƙarƙashinsa da suka shafe mu. Na farko, mutum ne da matansa duka ba su haihu ba, amma labarin bai tsaya ya tambayi ko daga gare shi ne ba; maganin da ya kawo shi ne sabuwar amarya. Na biyu, Malam Shehu bai nemi ɗan riƙo ba, ko kuma riƙo bai ishe shi ba, domin ba yaron da zai raina yake nema ba, magaji yake nema. Wannan ƙishirwa ta jini ita ce ta sa ya yi zalunci, zaluncin kuma ya dawo masa ta hannun jinin da ya nema. Ta wannan fuska, tsohon littafin nan ya fi yawancin na bayansa shakkar fifikon jini.

Shirun da Jiki Magayi ya yi game da namiji, marubutan kudancin Nijeriya sun fasa shi. Flora Nwapa a Efuru (1966) da Buchi Emecheta a The Joys of Motherhood (1979) sun tsaya ne a kan macen da ake auna darajarta da haihuwa, amma Lola Shoneyin a The Secret Lives of Baba Segi's Wives (2010) da Ayobami Adebayo a Stay With Me (2017) sun juya tambayar kan miji, kuma a duka biyun an nemo cikin ne daga wani namiji a ɓoye. Marubuciyar Hausa tana iya kawo irin wannan a matsayin zunubin da zai tonu, amma ba za ta iya kawo shi a matsayin mafita ba, domin ita da masu karatunta sun tafi a kan cewa nasaba amana ce. Ko fasahar haɗa ƙwayoyin haihuwa a ɗakin gwaji a dasa a mahaifa, wadda aka fara samun jaririya ta hanyarta a Ingila a 1978, malaman Sunna sun halatta ta ne tsakanin miji da matarsa kawai, ban da ƙwayar wani. Ga tsada kuma da ta fi ƙarfin manomin riɗi na Gagarawa. Saboda haka ƙofar da ta rage a buɗe, a labari da a zahiri, ita ce riƙo.

A ɓangaren sakaci, babu littafin da ya kai Alhaki Kwikwiyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu (1990) fito da shi fili, wanda Aliyu Kamal ya fassara zuwa Ingilishi aka buga a Indiya a 2012. Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai abin hannu, matarsa Rabi ta haifa masa tara, amma abin da yake bayarwa na cefane ba ya kai ko'ina, kuɗin kuwa suna tafiya wurin Delu, wadda ya aura daga baya ya kori Rabi da 'ya'yanta. Wannan shi ne sakaci tsantsa a ma'anar da muka bayar: ga iko, ga haƙƙi, an ƙi saukewa. Rabi ta riƙe yaran da sayar da abinci da taimakon 'yan'uwanta, har ta aurar da 'yarta Saudatu gidan rufin asiri. Sai gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu ta juya masa baya, dangi kuma suka taru suka matsa wa Rabi ta koma. Masu karatu da yawa sun ji haushin wannan ƙarshe, mu kuwa muna ganin a nan gaskiyar littafin take. Marubuciyar ba ta ce komawar daidai ce ba. Ta nuna ne cewa uban da ya zubar da uku daga cikin ayyuka biyar ɗin nan na Goody yana nan riƙe da nasaba, kuma da ita kaɗai jama'a za su dawo masa da komai.

Littattafai biyu da 'yan Arewa suka rubuta da Ingilishi, duka a 2015, sun taɓa iyakokin da muka shata tsakanin sakaci da abin da ke kama da shi. A Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim, Hajiya Binta ta bi al'adar kunya ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba har ya mutu, Reza kuwa, matashin da ta haɗu da shi, uwarsa ce ta bar shi yana ƙarami ta tafi Saudiyya. Kowannensu ya ga abin da ya rasa a fuskar ɗayan, alaƙar ta bi ta haramtacciyar hanya ta ƙare da jini. Darasin fasaha a nan shi ne, kunya tana aiki ne idan akwai kaka ko gwaggo da za ta ba yaron abin da uwa ta ɓoye. Idan gidan gandu ya watse aka bar uwa da ɗa su kaɗai a birni, sai yaron ya ji ta a jikinsa kamar ƙi. A Born on a Tuesday na Elnathan John kuwa, almajiri Ɗantala ya sami uba a wurin wani malami a Sakkwato, ya sami ɗan'uwa a wurin abokinsa Jibril. Almajiran Kano da kansu sun ba da irin wannan labari a fim ɗin Duniya Juyi Juyi na 2011, inda ake ganin yadda zaman yaro yake rataye da halin matar gidan da yake yi wa aike, wadda almajirai ke kira uwar ɗaki. Mu tuna kuma cewa a 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa sun riƙa mayar da almajirai jihohinsu a motoci, Jigawa na cikin masu karɓa. An yi hakan ne bisa zaton gidan haihuwa shi ne gida, zaton da ba ga kowane yaro ya zama gaskiya ba.

Kafin mu duba yadda labarai ke ƙarewa, dole mu san shingen da shari'a ta kafa, domin a cikinsa marubuci yake motsi. Musulunci ya hana tabanni, wato mutum ya ɗauki ɗan wani ya jingina shi ga kansa da suna da gado. Ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab ne suka soke shi, a kan lamarin Zaidu ɗan Harisa. Abin da ya kwaɗaitar a kai shi ne kafala, wato ɗaukar nauyin yaro yana riƙe da sunan mahaifinsa. Ɗan riƙo ba ya gado, amma ana iya yi masa kyauta da rai, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Ba ya zama muharrami don ya tashi a gida, sai idan an shayar da shi a cikin shekara biyun farko, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ko kaɗan ne ya isa. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe tana da wani ɗaci da ba mu ga an tsaya a kansa sosai ba: hanyar da ke mayar da ɗan wani ɗa na haƙiƙa ta fuskar muharramaka ita ce nono, juya kuwa galibi shi ne abin da ba ta da shi.

A cikin wannan shinge riƙo ya kasu iri-iri, kuma ba darajarsu ɗaya ba a idon jama'a. Mafi ƙarfi shi ne riƙon dangi, inda ƙane zai ɗauki 'yarsa bayan yaye ya kai wa yayarsa da ba ta haihu ba, ya ce ga 'yarki nan. Ba a rubuta takarda, kuma abin kunya ne ya dawo ya ce a ba shi abarsa. Akwai riƙon maraya, irin yaron da akan kira Talle. Akwai agola, ɗan da uwa ta zo da shi gidan sabon miji, wanda zamansa ya dogara ga zaman auren. Akwai ɗan tsintuwa, wanda ba a san asalinsa ba, shi ne kuwa mafi rauni, kuma a kansa ake jan karin maganar nan ta tsintacciyar mage. Labarin Maraici na Safiyya Ahmad, wanda ya ci gasar Hikayata ta BBC Hausa a 2019, daga wannan yanki na rashin gata ya fito. Sai kuma zumuncin da manya ke ƙullawa da kansu: ƙawa da aminiya, uwar ɗaki da 'yar ɗaki, ubangida da yaronsa. Mafi kyawun shaida a kan yadda waɗannan suke haɗuwa su riƙe rayuwar mace ɗaya ba ƙagagge ba ne, tarihin Baba ta Karo ne, wadda ta ba Mary Smith labarinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Baba ta yi aure fiye da sau ɗaya, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'yan dangi, ta aurar, ta tara ƙawaye da 'yan ɗaki, ta tsufa tana babbar mace da ake shawara da ita. Mai karanta labarinta ba zai ga matar da rayuwarta ta tsaya tana jiran ciki ba.

To, da wannan ma'auni, yaya littattafanmu na zamani suke ƙarewa, tun daga na kasuwar Kano da suka bunƙasa a ƙarshen shekarun 1980 har zuwa waɗanda ake karantawa yau a waya ta WhatsApp da Wattpad, ko a saurara a rediyo? A iya karatunmu, hanyoyi uku suka fi yawa. Ko dai juyar da ta yi haƙuri da gorin uwar miji da kishiya ta haihu a babin ƙarshe, sau da yawa ma tagwaye. Ko a gano cewa kishiya ce ta ɗaure mata mahaifa da asiri, a karya, ta haihu. Ko kuma, idan labarin na yaron ne, a wayi gari ɗan tsintuwar nan ɗan wani attajiri ne ko basarake da aka sace, a mayar da shi gidansu da shagali, a sallami wadda ta raine shi da kujerar Makka. Duk ukun abu ɗaya suke faɗa: riƙo zaure ne, ba a kwana a cikinsa. Muna fahimtar dalilin. Mai karatu tana son ta ga haƙuri ya biya, kuma ƙissar Annabi Zakariyya da ta Annabi Ibrahim da Saratu sun koya mana kada a yanke ƙauna. Sai dai Alƙur'anin da ya kawo waɗannan ƙissoshi shi ne kuma ya faɗa a ayoyi na 49 da 50 na Suratush Shura cewa Allah yana barin wanda ya so ba haihuwa, kuma Nana A'isha ba ta haihu ba, da sunan Abdullahi ɗan yayarta Asma'u aka yi mata alkunya. Labarin da ya mayar da haihuwa ladan haƙuri yana gaya wa matar da ta yi haƙurin ba ta samu ba cewa nata bai cika ba, wannan kuwa ba addini ba ne, ba kuma gaskiyar rayuwa ba.

Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito a 1934, ya bi wata hanya da ta cancanci a sake dubawa. An sace Umar yana yaro a zamanin cinikin bayi, ya bi hannu-hannu har ya faɗa wurin Balarabe Abdulkarim, wanda ya ɗauke shi ɗa ya ba shi ilimi. Mahaifiyarsa ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa bauta, suka sadu, ba ta daɗe ba ta rasu. Littafin ya ba uwa haƙƙinta cikakke, amma bai warware riƙon ba: malamin da ke ba da labarin a ƙarshe, abin da uban riƙonsa ya gina ne. An bar iyaye biyu a tsaye, ba a rushe ɗaya don a ɗaga ɗaya ba.

Ba muna cewa riƙo alheri ne zalla ba. Kowa ya san 'yar riƙon da ta zama baiwar gida, ita ce ɗiban ruwa, ita ce talla, 'ya'yan gida suna makaranta. Irinsa ake kira riƙon sakainar kashi, kuma tatsuniyoyin marainiya da kishiyar uwa sun daɗe suna kuka da shi. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, da wadda Jigawa ta sa wa hannu a ƙarshen 2021, an yi su ne don irin wannan. Amma a nan ma labaranmu sukan sauƙaƙa wa kansu aiki: uwar riƙo ko dai muguwa ce ƙarshen mugunta, ko waliyyiya. Wadda take ƙaunar yarinyar da gaske amma tana tsoron ranar da za a karɓe ta, har tsoron ya sa ta hana ta zuwa gaida mahaifiyarta, ba mu cika haɗuwa da ita a takarda ba, alhali ita ce ta fi yawa a gidaje.

Saura tambayar da ke cikin kalmar zaɓi: wa ya zaɓa, kuma yaushe? A labaran Turai da Amurka masu wannan jigo, galibi baligi ne yake barin danginsa ya nemi wasu da kansa. A namu, yaron da aka kai gidan gwaggo yana shekara biyu bai zaɓi komai ba, manya ne suka yanke. Zaɓin yana zuwa ne daga baya, a wurare biyu. Na farko ranar ɗaurin aure, lokacin da za a tambayi waliyyi: shari'a ta ba dangin uba, amma uban da ya san ya kamata yakan wakilta wanda ya riƙa, ya ce 'yarka ce, kai za ka bayar, wanda bai sani ba kuwa a ranar yake bayyana bayan shekara goma sha biyar ya karɓi sadaki. Na biyu lokacin tsufa da jinya. Shari'a ta wajabta wa ɗa mai hali ciyar da iyayensa mabuƙata, ko da sun yi sake da shi yana ƙarami, amma ba ta wajabta masa ciyar da wadda ta riƙe shi ba, ba ta kuma ba shi gadonta. Saboda haka duk buhun geron da ya sauke a ƙofarta, duk daren da ya kwana a gefen gadonta a asibitin Gumel, babu alƙalin da zai tilasta masa, babu kuma rabon da yake jira. Wannan mataki yana zuwa ne shekara ashirin ko talatin bayan biki, littafin soyayya kuwa a biki yake rufewa. Marubucin da ke son ya kai ga dangin zaɓi a ma'anarsa ta Hausa sai ya matsar da lokacin labarinsa gaba, ya fara daga inda ɗan riƙo ya zama magidanci mai iyaye mata biyu da albashi ɗaya.